Ranar da Kwalta Ta Juya wa Faith Kipyegon Baya: Tseren Mil Ɗaya na Riga, 2023

Duk wanda ya bi wasannin guje-guje a shekarar 2023 ya san cewa in Faith Kipyegon ta tsaya a layin tashi, abin da ya rage a gani shi ne wacce za ta zo ta biyu. Ranar 2 ga Yuni a birnin Florence na Italiya, 'yar Kenyan ta cinye mita 1500 cikin minti 3 da daƙiƙa 49.11, ta kafa sabon tarihin duniya. Mako guda bayan nan ta sauka Paris ta ƙara da na mita 5000, 14:05.20, alhali wannan nisan ba shi ne abincinta na kullum ba. Ranar 21 ga Yuli a Monaco ta yi mil ɗaya cikin 4:07.64, ta zaftare kusan daƙiƙa biyar daga tarihin da Sifan Hassan ta kafa a wannan filin a 2019. A watan Agusta kuma ta je gasar duniya a Budapest ta kwaso zinare biyu, na 1500 da na 5000.

Sai ga ranar Lahadi, 1 ga Oktoba, a Riga babban birnin Latbiya. Nisan da ta fi kowace mace sauri a kansa aka sa, wato mil ɗaya, amma a kan titi. Ta zo ta uku.

Mil ɗaya mita 1,609 ne da 'yan kai. Mu dai ba baƙonmu ba ne, tunda har gobe dattawa da mil suke auna hanya, kuma sunansa ya zauna a wurare irin su Mil Tara a Kano da Mil Goma a wajen Zariya. A duniyar tsere kuwa yana da wata daraja ta daban tun ranar 6 ga Mayu, 1954, da Roger Bannister ya yi shi a Oxford cikin 3:59.4, mutum na farko da ya sauko ƙasa da minti huɗu. A 2023 tarihin maza na cikin filin wasa yana hannun Hicham El Guerrouj na Maroko, 3:43.13, tun Yulin 1999 a birnin Rum. Amma duk wannan labarin fili ne, inda ake zagaye huɗu da ɗan ƙari. A kan kwalta an yi shekaru ana tseren mil a birane daban-daban ba tare da hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, World Athletics, ta buɗe masa littafin tarihi ba. Sai da aka zo shirya gasar tseren titi ta duniya ta farko a Riga, wadda ta haɗa mil da kilomita biyar da rabin gudun famfalaƙi, sannan hukumar ta ce to, yanzu za a fara rubutawa.

Yadda aka buɗe littafin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Hukumar ta ɗora ma'auni, 3:50 ga maza, 4:19 ga mata, ta ce in ba wanda ya kai nan kafin 1 ga Satumba, za a ɗauki lokaci mafi kyau da aka yi a hanyar da ta cika sharuɗɗa. Ba wanda ya kai. Saboda haka aka koma wani tsere da aka yi a Des Moines ta jihar Iowa a Amurka ranar 25 ga Afrilu, aka ɗauko 4:01.21 na Sam Prakel a ɓangaren maza da 4:27.97 na Nikki Hiltz a ɓangaren mata. Duba da kyau: tarihin duniya na maza bai ma kai abin da Bannister ya yi kusan shekara saba'in da suka wuce ba. Ga shi kuma an sa tukuicin dala 50,000 ga duk wanda ya karya tarihi a Riga. Kowa ya san tarihin nan ba zai kai yamma ba. Kuma a ɓangaren mata kowa ya riga ya rubuta sunan mai karɓar kuɗin.

Ni ma na rubuta, a zuciyata. A waya na kalli tseren, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ido ke rasa abin kamawa. A fili kana da zagaye, kana da agogo a bakin layi, kana da ƙararrawar da ake kaɗawa in saura zagaye ɗaya. A nan sai titi mai faɗi, shingayen ƙarfe a gefe, mutane suna ihu, babur ɗauke da mai kyamara a gaba. In ba ka kalli agogon da ke kan allo ba, ba ka san ko an ci rabi ko saura kwata ba. Kipyegon ta yi abin da ta saba, ta karɓi gaba tun da wuri ta ja da ƙarfi, har tawagar ta tsinke. Wadda ta manne mata ita ce Diribe Welteji ta Habasha, 'yar shekara 21, ga kuma 'yar ƙasarsu Freweyni Hailu ba ta yi nisa ba. Wanda ya kalli Kipyegon sau da yawa ya san inda wannan labari yake ƙarewa: tana kaiwa wani wuri sai ta ƙara wuta, ta bayanta ta fara raguwa kamar an ja mata birki. Na zauna ina jiran wannan wurin. Da aka shigo miƙaƙƙen titin ƙarshe sai na ga wutar daga baya ta taso. Welteji ta fito ta gefe, ta jera da ita, ta wuce, Kipyegon kuma ba ta da abin mayarwa. Kafin layi Hailu ma ta wuce ta.

Welteji 4:20.98, sabon tarihin duniya. Hailu 4:23.06. Kipyegon 4:24.13.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, in ji masu magana, amma a nan akwai abin da ya fi karin magana, domin Kipyegon da Welteji sun sha haɗuwa a mita 1500 a wannan kakar kuma sakamakon bai taɓa canzawa ba. A Budapest Kipyegon ta yi 3:54.87, Welteji ta bi ta da 3:55.69 ta ɗauki azurfa. A tsakiyar Satumba a Eugene ta Amurka, a wasan ƙarshe na Diamond League, jerin manyan wasannin guje-guje na shekara, Kipyegon ta yi 3:50.72, Welteji 3:53.93. Tazarar daƙiƙa uku da ɗan abu. Mako biyu kacal bayan nan a Riga aka sake samun tazarar daƙiƙa uku da ɗan abu, sai dai ta kife. Mutum ba ya samun ƙarin daƙiƙa shida na ƙarfi cikin mako biyu. To daga ina suka fito?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce: ai titi ba fili ba ne. Gaskiya ce, kuma ya kamata a warware ta, don ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na farko, a ranakun da Kipyegon ta kafa tarihinta uku, ba ita kaɗai take aikin ba. Akwai masu ja-gaba da aka ɗauka musamman su tsaga mata iska na zagaye biyu ko fiye sannan su fice, akwai kuma fitilun da ke gudu a gefen fili daidai da saurin tarihin da ake nema, ta yadda ko ba ta duba agogo ba ta san tana gaba ko tana baya. A Riga babu ko ɗaya. Ita ce ta zama mai ja-gaban Welteji, kyauta. Sai dai wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin a Budapest ma babu masu ja-gaba, ita ta riƙe gaba, kuma ta ci.

Bambancin yana cikin siffar filin. Wanda ke gaba a fili yana da gatan da ba a cika faɗa ba: shi ke riƙe da layin ciki, hanya mafi gajarta. Duk mai son wuce shi a kwana dole ya buɗe zuwa layi na biyu, kuma layi na biyu ya fi na farko tsawo da kimanin mita bakwai a kowane zagaye, wato uku da rabi a kowace kwana. Saboda haka ƙwararren mai jan gaba yakan ɗan ƙara sauri daidai inda na baya zai so fitowa, ya tilasta masa ko dai ya biya harajin kwana ko ya koma ya jira miƙaƙƙen layi na gaba, wanda bai wuce mita ɗari ba. Kipyegon gwana ce a wannan. Shekara da shekaru tana kulle ƙofa a fuskar mutane da wannan dabara, har abin ya zama kamar ba ta yin komai. A kan titi mai faɗi kuma miƙaƙƙe babu ƙofar da za a kulle. Wadda ke baya ta sha inuwa tun daga farko, ta zaɓi lokacin da ta ga dama, ta fito ta hagu ko ta dama ba tare da ta ƙara ko taku ɗaya ba.

Sannan ga takalmi da ƙasa. A fili ana sa takalmi mara nauyi mai ƙusoshi a ƙasa, yana cizon shimfiɗar roba. A titi ba ƙusa, kuma doka ta yarda kaurin tafin takalmi ya kai milimita 40, alhali a wancan lokacin na fili a irin wannan nisan bai wuce 25 ba. Takun ya bambanta, yadda ƙafa ke barin ƙasa ya bambanta. Kwalta kuma ba a shimfiɗa ta don masu gudu ba: tana da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara, tana da faci, iska tana shigowa ta tsakanin gine-gine yadda ta ga dama.

Duk wannan ya shafi kowa da ke cikin tseren, kuma a nan ne nake ganin amsar "titi ba fili ba ne" ta tsaya a rabin hanya. In ka ɗauki lokutan Eugene ka miƙa su zuwa mil bisa ƙiyasin da masu horarwa ke yi, na Welteji zai faɗa wajen 4:12 da rabi, na Kipyegon wajen 4:09. Ke nan titin Riga ya ci wa Welteji kimanin daƙiƙa takwas, ya ci wa Kipyegon kusan goma sha biyar. Takwas ɗin farko harajin kwalta ne, kowa ya biya. Ragowar kuwa na Kipyegon ne ita kaɗai, kuma a ganina kashi biyu ne: kuɗin jan gaba, da gajiyar kaka. Matar nan tun farkon Yuni take kan ƙololuwa, ta yi tarihi uku, ta yi zagayen share fage da na ƙarshe na nisa biyu a Budapest, ta tsallaka Amurka, ta dawo Turai. Jiki ba ya zama a ƙololuwa wata huɗu. In kana son ganin girman abin, Kipyegon ta Monaco za ta tsere wa Kipyegon ta Riga da daƙiƙa 16 da rabi, wato kusan mita ɗari cif. Da za ta gama ta juyo, ta hango kanta can tana shigowa.

Kada kuma a ce an tauye Welteji. Yarinyar ba a 1500 ta fara suna ba. A 2018 a Tampere ta Finlan ta ci zinaren mita 800 na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, a 2022 kuma ta zo ta huɗu a mita 800 na manya a Eugene. Mai irin wannan tushe, in ka kai ta mita ɗari biyun ƙarshe ba ka gajiyar da ita ba, ka shiga uku. Ta karanta tseren daidai: ba ta karɓi gaba ba, ba ta bari tazara ta buɗe ba, ba ta kuma yi gaggawar fitowa ba. Zama a kafaɗar Kipyegon na tsawon minti uku da rabi ba tare da ka karaya ba shi ma aiki ne da 'yan kaɗan suka iya a wannan shekarar.

Tseren maza labarinsa gajere ne. Manyan mil na wannan kakar ba su zo ba. Jakob Ingebrigtsen na Norway da Yared Nuguse na Amurka, waɗanda suka yi 3:43.73 da 3:43.97 a Eugene mako biyu kafin nan, suna gida. Josh Kerr na Birtaniya, zakaran duniya na 1500, shi ma haka. Aka taho a dunƙule, kowa yana jiran wani, sai a ƙarshe aka ɓarke. Hobbs Kessler, Ba'amurke ɗan shekara 20 daga Ann Arbor, wanda ya fara da wasan hawan duwatsu kafin ya koma gudu, kuma bai ma samu gurbi a tawagar ƙasarsa ta Budapest ba, shi ya fara taɓa layi a 3:56.13. Callum Elson na Birtaniya 3:56.41, Prakel mai tsohon tarihin 3:56.43. Mutum uku cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Tarihin duniya na titi ya tsaya daidai daƙiƙa 13 a bayan na El Guerrouj.

Nan ne masu sukar abin suka samu bakin magana, kuma ba su rasa hujja ba. Mako uku kafin Riga, ranar 10 ga Satumba, an yi tseren Fifth Avenue Mile a New York, wanda ake yi tun 1981 kuma shi ne mafi shahara a irinsa. Kerr ya ci shi a 3:47.9, cikin ruwan sama ma. Jemma Reekie ta ci na mata a 4:19.4. Dukansu a kan kwalta, dukansu mil ɗaya, dukansu sun fi abin da aka kira tarihin duniya a Riga sauri. Laura Muir ma ta yi 4:14.8 a wannan titin a 2022. Yaya za a yi wanda ya yi 3:56 ya karɓi dala 50,000 da sunan tarihi, wanda ya yi 3:47 kuma a ce masa sannu da ƙoƙari?

Dalilin doka biyu ne, kuma da ka fahimce su za ka ga ba son zuciya ba ne. Ta farko, tazarar da ke tsakanin wurin tashi da wurin ƙarewa, in an ja layi miƙe, kada ta wuce rabin nisan tseren. A mil, wajen mita 800 ke nan. An yi haka ne saboda iska: in hanya ta miƙe gaba ɗaya ta fuska guda, ranar da iska ta biyo bayan masu gudu za ta tura su tun daga farko har ƙarshe. Ta biyu, gangarar hanya daga tashi zuwa ƙarewa kada ta wuce mita ɗaya a kowace kilomita, wato a mil gaba ɗaya ɗan abin da ya haura mita ɗaya da rabi, bai kai tsayin mutum ba. Tseren New York kuwa layi ɗaya ne ɗoɗar, daga titi na 80 zuwa titi na 60 a gefen Central Park, da gangara a farko, hawa a kwata na biyu, sannan gangara kuma. Sharaɗin farko kaɗai ya isa ya fitar da shi. Wanda yake ganin an cika tsanani, ya tuna da Mike Boit na Kenya, wanda a 1983 ya gangaro titin Queen Street na Auckland a New Zealand ya gama mil cikin 3:28. In ba doka, da masu shirya tsere sun koma farautar tudu mafi tsayi a kowane gari.

Don haka ni ban ga laifin dokar ba. Inda nake da ja shi ne gaggawar kiran abin "tarihin duniya" tun littafin yana da wata ɗaya, kafin manya su gwada ƙafarsu a hanyoyin da suka cika sharaɗi. Sunan ya fi lokacin nauyi. A ɓangaren mata abin da sauƙi, tunda Welteji ta doke wadda ta fi kowa, kuma wannan ya fi kowane adadi daraja. A ɓangaren maza kuwa zinaren Kessler na gaske ne, ya ci mutanen da suka zo, amma tarihin nasa aro ne, kuma bai daɗe ba aka zo karɓa.

Ranar 27 ga Afrilu, 2024, a Herzogenaurach ta Jamus, garin da hedikwatar Adidas take, Emmanuel Wanyonyi na Kenya, ɗan shekara 19, ya yi 3:54.56, Kessler yana biye da shi a matsayi na biyu. Ranar 1 ga Satumba a Düsseldorf, Elliot Giles na Birtaniya ya sauko da shi 3:51.3, ya doke Nuguse wanda ya yi 3:51.9. Akwai abin lura a jerin sunayen nan. Wanyonyi ɗan mita 800 ne, shi ya ci zinaren wannan nisan a gasar Olamfik ta Paris 'yan watanni bayan tarihinsa. Giles a mita 800 ya yi suna. Kessler ya wakilci Amurka a Paris a 800 da 1500 duka. Welteji mun riga mun faɗi tushenta. Nuguse ya fi Giles sauri a mil na fili nesa ba kusa ba, amma a kan titi ya sha kashi a hannunsa, kamar yadda Kipyegon ta sha a hannun Welteji. Misalai huɗu ba su isa a kafa doka ba, amma sun isa mai horarwa ya tsaya ya yi tunani: inda babu kwanar da za a tsare, babu fitila, babu ƙararrawa, mai ajiyar gudu a ƙafa yana da rabon da fili ba ya ba shi.

Mako guda bayan Düsseldorf, ranar 8 ga Satumba, Kerr ya koma New York ya yi 3:44.3, ya share 3:47.52 da Sydney Maree ya bari a wannan titin tun tseren farko na 1981. Daƙiƙa bakwai ya fi Giles sauri, kuma littafin hukuma bai san da shi ba.

Ita kuwa Kipyegon ta koma sansaninsu na Kaptagat wurin mai horar da ita Patrick Sang. A Yulin 2024 ta sake rage tarihinta na 1500 zuwa 3:49.04 a Paris. A Agusta, a wannan birnin, ta tsaya a layin ƙarshe na Olamfik, Welteji tana cikin jerin. Wannan karon akwai layin ciki, akwai kwana, akwai ƙararrawa. Kipyegon ta gama a 3:51.29, zinarenta na uku a jere a wannan nisan bayan na Rio da na Tokyo. Jessica Hull ta Ostareliya ta ɗauki azurfa, Georgia Bell ta Birtaniya tagulla. Welteji ta zo ta huɗu.